Hukuncin Dabbobin Gida da Ambaliya ta Raba da Masu Su: Nazari a Kan Unguwannin Arewacin Kogin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin Shari'a a kan dabbobin gida da ambaliyar ruwa kan raba da masu su a unguwannin da ke arewa da Kogin Kaduna. An bi mas'alar ta fuskar haƙƙin dabbar, da mallakar mai ita, da nauyin wanda ya cece ta ko ya tsince ta. An gina bayanin a kan mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantarwa a zaurukan wannan yanki, tare da kawo maganar sauran mazhabobi inda aka saɓa. Maƙalar ta tabbatar da cewa ambaliya ba ta gusar da mallaka kuma ba ta sauke wajibcin ciyarwa, sannan abin da ya yi ƙaranci a Kaduna shi ne tsarin jama'a da zai sa a iya aiki da waɗannan hukunce-hukunce.

1.0 Gabatarwa

Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa birnin Kaduna ya raba shi biyu, sannan ya gangara ta Shiroro ya faɗa Kogin Kwara. A watannin Agusta da Satumba, lokacin da damina ta nutsa, yakan cika ya tumbatsa ya shiga gidajen da aka gina a fadamarsa. Mazauna Malali, Unguwar Rimi, titin Kigo, Kabala, Rafin Guza da gangaren Tudun Wada sun san wannan sarai. Ambaliyar Agustan 2003 har yau ana ba da labarinta, kuma an sake ganin irinta a Satumban 2012 da na 2015.

Idan ruwa ya shigo, musamman da dare, maigida yakan fara da yara da tsofaffi, sai takardu da ɗan abin da hannu zai iya ɗauka. Akuya tana ɗaure a turke, kaji suna rufe a akurki, kare yana cikin sarƙa, kyanwa ta haye rufin ɗaki. Da ruwa ya janye sai a tarar wasu sun mutu a ɗaure, wasu suna gararamba a kan tudu, wasu kuma sun shiga hannun mutanen da suka ɗauke su a matsayin rabo daga Allah. Ƙididdigar hukumomin agaji ta fi mayar da hankali a kan rayukan mutane da gidaje da gonaki, kuma haka ya kamata a fara. Sai dai ga matar aure ko bazawara a waɗannan unguwanni, tunkiya biyu da 'yan kaji su ne asusunta na kuɗin makaranta da na magani. Ita kuma dabbar rai gare ta, tana jin yunwa da tsoro. Saboda haka mas'alar ta haɗa haƙƙi biyu, na dukiya da na rai, kuma fiƙihu ya yi magana a kan kowanne.

2.0 Haƙƙin Dabba a Kan Mai Ita

Aya ta 38 a Suratul An'am ta bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane. A Suratu Hud, aya ta 40, an ba da labarin yadda aka umarci Annabi Nuhu (Alaihis Salam) da ya ɗauki namiji da mace daga kowane jinsi a cikin jirgi. Wato a ambaliya mafi girma da Alƙur'ani ya ambata, ceton dabbobi yana cikin umarnin da aka ba Annabin. A Sunna kuwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, inda Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya bayyana cewa akwai lada a kyautata wa kowane mai rai.

Daga waɗannan nassoshi malamai suka fitar da wajibcin ciyar da dabba. Shaihu Khalil ya ambata a Mukhtasar cewa ciyar da ita wajibi ne idan babu makiyaya, in mai ita ya ƙi ko ya kasa sai a sayar da ita. Mafi yawan malamai suna ganin alƙali zai tilasta shi, yayin da zahirin mazhabar Hanafiyya ya bar abin tsakaninsa da Ubangijinsa, ko da yake Abu Yusuf ya bi ra'ayin tilastawa. Izzuddin bn Abdissalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan Hijira, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ya nuna cewa ciyarwar tana nan ko da dabbar ta tsufa ko ta yi rashin lafiyar da ba a ƙara amfana da ita.

Abin lura a hadisin kyanwa shi ne illar azabar, wato tsarewa tare da hana abinci. Wanda gargaɗin ambaliya ya riske shi da sauran lokaci, ya kwashe kayan ɗaki ya bar akuya a turke ko kare a sarƙa, ya kusanci wannan siffa. Idan ba zai iya tafiya da dabbar ba, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya kwance igiya ya buɗe akurki, domin dabba sakakkiya takan nemi tudu da kanta. Wanda kuwa ruwa ya yi wa ba-zata har bai samu ikon haka ba, babu laifi a kansa, domin Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma wajibcin yana dawowa da zarar hanya ta buɗe: ya koma ya duba, ko ya wakilta wanda zai duba.

3.0 Wajibcin Ceto da Iyakarsa

Malikiyya sun yi tsanani a kan wanda ya ga abu zai halaka, yana da ikon ceto, ya wuce. A babin yanka na Mukhtasar an ambaci lamuni a kan wanda ya bar ceton rai ko dukiyar da ke gab da halaka alhali yana iyawa. A babin taimama kuma an halatta wa mutum ya bar alwala ya yi taimama idan yana tsoron ƙishirwa ga dabba mai alfarma da ke tare da shi. Idan har ana jinkirta tsarkin ruwa saboda ran dabba, to mai kwalekwalen da ya ga tunkiya a kan katanga, ba tare da wani mutum na jiran ceto ba, ba shi da uzurin wucewa.

Wannan wajibci yana da iyaka biyu. Ta farko, ran ɗan Adam shi ne gaba. Ba a ɗaukar dabba a jirgin ceto matuƙar akwai mutumin da ke buƙatar wurin. Ta biyu, mai ceto ba zai jefa kansa cikin halaka ba, kamar yadda aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana. Ruwan ambaliya yana ja da ƙarfi, yana ɓoye ramuka da rijiyoyi da wayoyin lantarki, don haka matashin da bai iya iyo ba ya saɓa wa Shari'a idan ya afka masa domin ya fito da rago.

4.0 Hukuncin Wanda Ya Tsinci Dabba

Jama'a kan ce tsintuwa ba sata ba ce. Maganar gaskiya ce da sharaɗi, domin Muslim ya ruwaito daga Zaidu bn Khalid al-Juhani cewa wanda ya ajiye ɓatacciyar dabba ba tare da ya yi cigiyarta ba shi kansa ya ɓata. Asalin babin shi ne wani hadisin Zaidu da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, inda aka umarci mai tsintuwa ya kiyaye alamomin abin da ya tsinta ya yi cigiya shekara guda, aka ba da izinin ɗaukar ɓatacciyar akuya ko tunkiya domin in an bar ta kyarkeci zai cinye, aka kuma hana taɓa raƙumi saboda yana iya kai kansa ga ruwa da abinci.

Wasu kan kafa hujja da wannan izini su yanka abin da suka tsinta bayan ambaliya. Hujjar ba ta tsaya ba. Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar duk sun taƙaita halaccin ci ga wadda aka samu a dajin da babu mazauna. Unguwar Rimi da Malali gari ne, kuma mai dabbar yana iya kasancewa a wata makarantar firamare da aka tsugunar da shi, tafiyar 'yan mintuna daga inda aka tsince ta. Dabbar da aka samu a cikin gari hukuncinta na sauran tsintuwa ne, kuma ga muhimman ƙa'idojinsa a mazhaba:

Ɗauka tana wajaba a kan wanda ya amince da kansa idan yana tsoron maci amana zai riga shi. Tana haramta ga wanda ya san zuciyarsa za ta ci amana. A ranakun ambaliya, da ɓarayi kan yi yawo a gidajen da aka ƙaurace wa, hali na farko ya fi yawa.

Cigiya ana yin ta a wuraren da ake zaton mai abu zai nema, kamar ƙofar masallaci da kasuwa. A cikin masallaci kuwa an hana, bisa hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito. Mai cigiya ba zai bayyana siffofin dabbar ba, domin da su ne za a gane mai ita na gaskiya. A yau wuraren nema sun haɗa da gidan mai unguwa, da zangon dabbobi na Tudun Wada, da sanarwar gidajen rediyo, da zaurukan WhatsApp na unguwanni. Sanya hoton dabbar a irin waɗannan zauruka yana rushe hikimar ɓoye siffa. Ya isa a ce an tsinci dabba a wuri kaza ranar kaza.

Khalil ya ce abin da aka tsinta tsakanin garuruwa biyu a yi cigiyarsa a dukkansu. Wannan ya dace da Kaduna ƙwarai, domin ruwa bai san iyakar unguwa ba. Dabbar da ta fito a gaɓar Kabala tana iya zama ta mutumin Barnawa a ƙetaren kogi. Addinin mai ita ba ya sauya hukunci, tunda an bayyana tsintuwa da cewa dukiya ce mai alfarma, kuma dukiyar maƙwabci Kirista tana da alfarma. Har ma Mukhtasar ya ambaci miƙa abin da aka tsinta a ƙauyen waɗanda ba Musulmi ba ga malamin addininsu. A birnin da kogi ya zama alamar rabuwar mazauna, mayar da akuya ga mai ita a ƙetare da'awa ce a aikace.

Tsintacciyar dabba amana ce a hannun mai tsintuwa. Idan ta mutu ba da sakacinsa ba, babu lamuni a kansa. Nononta halal ne gare shi, amma 'ya'yan da ta haifa na mai ita ne. Idan mai ita ya zo, yana da zaɓi: ya biya abin da aka kashe wajen ciyar da ita ya karɓi abarsa, ko ya bar wa mai tsintuwa ita a madadin kuɗin. Bayan shekara, mai tsintuwa yana iya ci gaba da ajiye ta, ko ya yi sadaka da ita, ko ya mallake ta, tare da lamuni a biyun ƙarshe idan mai ita ya bayyana. Ga abu mai ƙaramar daraja, da yawa daga masu sharhi sun wadatu da cigiyar 'yan kwanaki. Inda kuwa ciyarwar shekara za ta cinye darajar dabbar, mafita ita ce a kai ga alƙali a sayar a ajiye kuɗin.

5.0 Dabbar da Mai Ita Ya Saki

Akwai bambanci tsakanin dabbar da ruwa ya ƙwace da wadda mai ita ya sake ta da kansa saboda ya kasa ciyar da ita. Abu Dawud ya ruwaito ta hanyar Sha'abi cewa wanda ya samu irin ta biyun ya raya ta, ta zama tasa. Imam Ahmad da Laisu bn Sa'ad da Ishaƙ sun yi aiki da wannan. Imam Malik ya ce tana nan a mallakar mai ita na farko, sai dai zai biya abin da aka kashe mata. Imam Shafi'i ya ce ta mai ita ce, kuma wanda ya ciyar da ita sa kai ya yi.

Wanda ya kwance turke a daren ambaliya bai yafe mallakarsa ba a kowace mazhaba, domin ya saki dabbar ne don ta tsira ya dawo ya same ta. Saɓanin yana shafar wanda gidansa ya rushe, ya koma zaman haya a ɗaki ɗaya ko ya bar garin, ya haƙura da dabbar. Hanya mafi tsabta a nan ita ce a nemi furucinsa. Idan ya ce ya bayar, ta zama kyauta, kuma kyauta a Malikiyya tana lizimta da furuci tana cika da karɓa. Yana da kyau a yi haka a gaban shaidu biyu ko mai unguwa, domin rigima ba ta tashi sai dabbar ta yi ƙiba ko ta haihu. Wanda za a ba shi kuma a duba ikonsa na ciyarwa da wurin ajiya, domin ɗauke dabba daga yunwa zuwa yunwa ba ceto ba ne.

6.0 Kyanwa da Kare

Waɗannan biyun su suka fi tagayyara bayan ambaliya, saboda ba su da kasuwa, ba mai rububin ɗaukarsu. Kyanwa mai tsarki ce bisa hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa, wanda ya siffanta ta da mai kai-kawo a cikin gida. Masu sharhin Mukhtasar sun kai ga cewa kyanwar da ta makance ta lizimci gidan mutum, ba ta iya tafiya, ciyar da ita ya wajaba a kansa. Wadda ambaliya ta raunata ta fake a gidan wani tana shiga ƙarƙashin wannan illa. Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage, kuma akwai gaskiya a ciki, domin kyanwa takan shaƙu da wuri ta yi ta ƙoƙarin komawa tsohon gida. Wanda ya karɓe ta sai ya killace ta 'yan kwanaki da abinci da ruwa har ta saba.

Kare kuwa, Khalil ya ambace shi da sunansa a cikin ma'anar tsintuwa tare da doki da jaki, masu sharhi suka ce ana nufin wanda aka yi izinin riƙe shi. Hadisi ya ba da izini don farauta da kiwo da noma, malamai da yawa kuma sun riskar da gadin gida inda ake tsoro. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, ya ba da uzuri da sauyawar zamani. A mazhaba jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai kuma ibada ce tsantsa, don haka tsoron najasa ba ya hana ceto. Tunda mashahurin zance ya hana sayar da shi, sai a ba da shi kyauta ga mafarauci ko makiyayi ko mai gona. Kafin haka a kai shi ga likitan dabbobi, domin mafi yawan masu kamuwa da ciwon haukan kare ta cizon kare suke samunsa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom tana sarrafa allurar riga-kafinsa. Wanda ya tabbata mai cizo ne ko mahaukaci, Sunna ta halatta kashe shi, amma ba tare da azabtarwa ba. Jifan da yara kan yi wa karnuka har su mutu haram ne.

7.0 Yanka da Mushe

Dabbar da ta mutu a ruwa mushe ce, cinta da sayar da namanta haram ne. Wadda aka riska da rai aka yanka ta halatta bisa togaciyar aya ta 3 a Suratul Ma'ida, matuƙar ba a huda ɗaya daga cikin makasanta ba, kamar yadda Malikiyya suka sharɗanta. Wanda ya yanka dabbar wani don kada ta mutu banza ya kyauta, amma naman ko kuɗinsa na mai ita ne. Wadda ba a cin namanta, idan an yanke ƙauna daga rayuwarta, Mukhtasar ya halatta yanka ta don a hutar da ita. Gawarwakin kuma a binne su nesa da rijiyoyi, domin barinsu a magudanar ruwa cutar da jama'a ne.

8.0 Nauyin Jama'a da Hukuma

Hukunce-hukuncen da suka gabata suna da wuyar cikawa ga mutumin da shi ma ruwa ya ci gidansa. Magabata sun gane haka. Malik ya ruwaito daga Ibn Shihab cewa a zamanin Umar ana barin ɓatattun raƙuma su yi kiwo ba mai taɓa su, da zamanin Usman ya zo sai ya yi umarni a yi cigiyarsu, sannan a sayar a ajiye wa masu su kuɗin. An kuma ruwaito cewa Aliyu ya gina musu garke yana ciyar da su daga baitulmali har mai hujja ya zo. Allah Ya ƙara musu yarda. Nassi bai sauya ba. Amanar mutane ce ta sauya, sai hanyar kiyaye dukiya ta sauya tare da ita. Daga baya aka samu waƙafin kyanwoyi a Alƙahira da ake jingina wa Sarki Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, da makiyayar tsofaffin dabbobi a Dimashƙa. A ƙasar Hausa kuma, Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa riƙe dabbobin talakawa da suka ɓata cikin garken masu mulki, har sai an ba da wani kaso, a cikin alamomin mulkin zalunci.

Abin da ya faru a wasu wurare ya nuna cewa sakaci da dabbobi yana komawa kan mutane. A guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, mutane da dama sun ƙi barin gidajensu saboda an hana su tafiya da dabbobinsu, har majalisar ƙasar ta yi doka a 2006 da ta sa a shigar da dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a. A Maiduguri, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, mafi yawan dabbobin gidan namun daji sun mutu, wasu masu haɗari kuma suka shiga unguwanni. Magidancin da ya san babu inda zai kai tumakinsa yakan yi jinkirin tashi, kuma jinkirin ne ke kashewa.

Don haka ana ba da shawarar kowace unguwar bakin kogi ta keɓe fili a kan tudu tun kafin Agusta, ƙarƙashin mai unguwa da kwamitin masallaci, da rajistar da za a rubuta siffar dabba da ranar da aka kawo ta da abin da aka kashe mata. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam, wadda hedikwatarta ke Kaduna tun kafa ta a 1962, da na Fityanul Islam da Izala, suna da horo da yawan da za su iya riƙe wannan aiki tare da hukumomin NEMA da KADSEMA, da taimakon Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Mando. Kuɗin abincin dabbobin ya fito daga sadaka da waƙafi, domin dabba ba ta cikin masu cin zakka takwas, ko da yake mai ita matalauci yana ciki. Masu dabbobi kuma su sa musu shaida. Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya yi wa raƙuman zakka shaida da hannunsa, ya kuma hana yin ta a fuska.

9.0 Kammalawa

An ga cewa mai dabba yana ɗauke da nauyinta kafin ambaliya da bayanta gwargwadon ikonsa, mai tsintuwa amintacce ne da ke bin kuɗin ciyarwa, sabon gida kuma ba ya tabbata sai da yardar mai ita ko cikar wa'adin cigiya ko hukuncin alƙali. Babin tsintuwa yana can ƙarshen littattafan fiƙihu, ɗalibai da yawa ba su kai gare shi sai sun jima. Ya dace limaman unguwannin bakin kogi su jawo shi gaba, su karantar da shi a huɗubobin Yuli da Agusta, kafin kogi ya cika. Allah ne Mafi sani.